Furojet ɗin ajin ƙarshe: bincike muke koyo ko littafi muke ɗaurewa?

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe da ke jami'o'i da foli da kwalejojin ilimi a nan Kudu. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshensa, don maganar ta shafi aljihunku, ta kuma shafi darajar takardar da za ku fita da ita.

Lokacin furojet ya sake zagayowa, ga kuma abin da nake gani a taƙaice. A duk shekara huɗu ko biyar da ɗalibi ke yi, furojet ne kaɗai wurin da ake ce masa ya kawo wani abu da babu shi a hanawut. Sauran kwasa-kwasan yawanci karɓa ne da mayarwa: malam ya faɗa, ka haddace, ka zuba masa ranar jarrabawa. Wannan wuri guda ɗaya kuwa mun mayar da shi bikin ɗaure takardu da baƙin bango da rubutun ruwan gwal. A ganina tushen matsalar yana cikin abin da muke aunawa. Muna auna kaurin littafi, da tsarin babi-babi, da kason da Turnitin ta nuna. Ko yaro ya iya gano gaskiyar wani abu da kansa, wannan ba kasafai ake tambaya ba. Ɗalibi kuwa ba wawa ba ne, abin da ya ga ana ba maki shi zai kawo.

Ni a Sabo aka haife ni, a nan Kudu maso Yamma na yi digirin farko, yanzu ina kan na biyu, kuma ina cikin waɗanda akan miƙa wa babin ƙannenmu a ce mu fara dubawa kafin ya isa teburin malam. Don haka abin da zan faɗa gani ne, ba ji ba.

Yadda abin yake tafiya kowa ya sani. Ana kafe sunayen sufabaiza a allon sanarwa, wani lokaci sai zango na biyu ya kusa. A ce ka kawo maudu'i uku malam ya zaɓi ɗaya. Daga nan sai intanet, inda shafukan sayar da furojet ke jere da dubban maudu'ai, babi na ɗaya kyauta, sauran huɗun ka biya. Wanda bai so wahalar ba ma, akwai yaron shagon kwamfuta a bakin get da zai haɗa masa komai, har da tebur-tebur na SPSS. Babi na biyu kwafi ne daga aikin wani, wanda shi ma ya kwafo daga wani. Babi na uku a ɗauko lissafin Taro Yamane a dasa. Ko kun lura kusan kowane furojet na kimiyyar zamantakewa mutum 300 da wani abu ko 400 yake cewa ya tambaya? Dalilin shi ne, in ka sa kuskuren kashi 5 cikin 100 a wannan lissafi, komai yawan jama'ar da kake nazari amsar ba za ta wuce 400 ba. To wane ɗalibi ne, da kuɗin motarsa na aljihu, ya raba takardar tambayoyi 400 cikin mako biyu, har aka dawo masa da 390 cif? Mun san inda ake cika su. A ɗakin hostel ake cika su, mutum uku da biro kala uku.

Kada wani ya ɗauka wasa ne. Ɗalibin da ya ƙirƙiro alƙaluma ya ga an ba shi A, darasi ya koya, kuma ya fi duk wanda aka koya masa a aji zama a kai: cewa lamba abin ƙirƙira ce in dai ta yi kyau a takarda. Gobe shi ne ma'aikacin ɗakin gwajin jini, shi ne injiniyan da zai sa hannu cewa an gwada kankare, shi ne jami'in da zai rubuta cewa rigakafi ya kai ƙauye kaza. Muna kukan alƙaluman ƙarya a ofisoshi, alhali a babi na huɗu muka fara horar da masu rubuta su.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗora wa ɗalibi laifin duka zalunci ne. Abu na farko lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai ranar tafiyar ake miƙo mana goran. Kwas ɗin dabarun bincike ana yin sa a aji uku, a babban ɗaki, a rubuta ma'anar kalmomi a allo, a yi jarrabawa, shi ke nan. Ɗalibi bai taɓa auna komai da hannunsa ba, bai taɓa yi wa mutum ɗaya tambaya yana rubutawa ba, kwatsam a ce ya kawo shafi 60 cikin wata uku. In an yi yajin aiki abin ya ƙara taɓarɓarewa. Na ASUU na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 kuma ya kai wajen wata tara. Da an dawo sai a matse kalanda, kuma furojet ne ke fara shan matsar.

Na biyu yawan ɗalibai. Ƙa'idar NUC ita ce malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannin adabi da kimiyyar zamantakewa, ɗaya ga 20 a fannin kimiyya. Ku duba sashenku ku gaya wa kanku gaskiya ko haka abin yake. Mu ɗauki misali kawai: malami na da ɗaliban furojet 30, kowa shafi 60. Shafi 1,800 ke nan. In zai karanta sau biyu, kamar yadda ya kamata, 3,600. Ga darasi, ga takardun jarrabawa, ga 'yan digiri na biyu, ga mitin. Kuma ranar da za a duba ƙarin girmansa, maƙalun da ya wallafa za a fi ƙirgawa, ba yawan daren da ya kwana kan babin ɗalibi ba. Malamin da ya zauna ya karanta aikin ɗalibinsa layi-layi sadaukarwa ya yi. Akwai su, na gan su, wasu da kuɗinsu suke sayen sinadarai. Sai dai tsarin da ya dogara da sadaukarwar mutum biyu-uku a sashe ba zai ɗore ba.

Na uku kuɗi. A kimiyya da injiniyanci ɗalibi ne ke sayen sinadari, ya biya kuɗin gwaji a wani ɗakin gwaje-gwaje na waje, ya sa man janareto. Bayan haka ga bugawa, ga gyara, ga sake bugawa, ga ɗaure kwafi uku ko huɗu. Ɗan talaka in ya yi lissafi ya ga aikin gaskiya ya ninka sayen furojet tsada, kuma makin ɗaya ne, me kuke tsammani zai zaɓa?

Yanzu mu zo ga aunawa, don nan ne na fi son mu tsaya. Idan tawagar NUC ta zo tantance sashe, tana duba malamai, da ɗakunan karatu, da laburare, da rahoton mai jarrabawa na waje, ta ɗaga wasu furojet ta duba. In sashe ya ci, a ba shi cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, in ya rage kaɗan a ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu. NBTE na yin irin nata a foli, NCCE a kwalejojin ilimi. Aiki ne mai amfani, ba na raina shi. Amma ziyara ce ta 'yan kwanaki, kuma littafin da aka saya da wanda aka yi da gumi duk fuska ɗaya suke nunawa a kan kanta.

Sai Turnitin da 'yan uwanta, kowace makaranta da iyakar kason da ta sa. Manhajar kamanceceniyar kalmomi take kamawa, ba ta san ko an je fili ko ba a je ba. Abin da ta haifar shi ne sabuwar sana'a ta juya jimla har kaso ya sauka. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 kuwa, mutum na iya samun babi biyar sabo fil da babu irinsa a ko'ina, kuma babu ɗigon aiki a cikinsa. A 2025 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin NERD, rumbun da za a riƙa ajiye furojet da kundayen ɗalibai, har ta ɗaura shi da fita hidimar ƙasa. Ina goyon baya, don zai rage yawo da furojet ɗaya daga wannan makaranta zuwa waccan. Amma rumbu abin da aka zuba masa yake ajiyewa. In ƙaiƙayi aka zuba, ƙaiƙayi za a tarar.

To me ya kamata a auna? In da ni ne shugaban sashe, ga tambayoyin da zan sa a amsa duk ƙarshen shekara, a rubuce, a karanta a gaban kowa. Ɗalibai nawa kowane malami ya riƙe, kuma sau nawa ya zauna da kowanne? A cikin furojet ɗin bana, guda nawa ne za a iya kawo ɗanyen bayanansu a tebur, wato takardun tambayoyin da aka cika, da muryoyin da aka naɗa, da littafin ɗakin gwaji mai kwanan wata? In aka zaɓi goma da ka, aka kira masu su aka rufe littafin, nawa ne za su iya bayyana abin da suka yi da dalilin da ya sa suka bi wannan hanyar? Nawa ne suka ɗora daga inda 'yan bara suka tsaya? Nawa ne wani a wajen makaranta ya karanta, ko manomi, ko asibiti, ko ƙungiyar 'yan kasuwa? Nawa ɗalibi ke kashewa, kuma wa ke faɗuwa saboda rashin kuɗin? Sannan bayan shekara biyu-uku da gamawa, a nemi tsofaffin ɗalibai a tambaye su ko abin da suka koya a furojet ya yi musu rana a wurin aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura daga waje. Takarda ce da biro da niyyar jin amsar da ba ta da daɗi. Kuma sashen da ke maƙwabtaka ne ya kamata ya zo ya duba, don mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa bincike a digirin farko abu ne da ake ginawa da gangan. A Amurka, jami'ar MIT ta buɗe shirinta na UROP tun 1969, ƙarƙashin Margaret MacVicar, inda ɗalibi ko ɗan aji ɗaya ne zai iya shiga aikin binciken malami, a biya shi ko a ba shi maki. Hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, ta fara shirin REU a 1987: a tara ɗalibai kamar goma lokacin dogon hutu, su yi wajen mako goma kan aiki ɗaya, da alawus. Akwai ma ƙungiya sukutum, CUR, da aka kafa a 1978 don wannan harka kaɗai, kuma cikin ayyukanta har da tura malamai daga waje su duba shirin binciken wata makaranta su gaya mata inda ta gaza.

Na san abin da za ku ce: ai su suna da kuɗi. Gaskiya ne, amma ku saurari wannan. Akwai wani shiri mai suna SEA-PHAGES da aka fara a 2008, inda sababbin ɗalibai ke ɗebo ƙasa daga bayan ɗaki ko lambu, su nemo ƙwayoyin bairos masu kashe bakteriya, su raɗa musu suna, a ajiye a rumbu guda tare da na sauran ɗalibai. A 2019 aka wallafa rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan da wata bakteriya mai taurin kai ta kama bayan dashen huhu, magunguna suka gaza. Da irin waɗannan ƙwayoyi guda uku daga rumbun Farfesa Graham Hatfull na jami'ar Pittsburgh aka yi mata magani har ta samu sauƙi. Ɗaya daga ciki, wadda ake kira Muddy, wata ɗaliba ce ta samo ta a Durban ta Afirka ta Kudu, a jikin ruɓaɓɓen yalo. Abin lura a nan shi ne yadda aka tsara aikin. Kowane ɗalibi ƙaramin abu aka ba shi wanda zai iya gamawa, hanyar aikin iri ɗaya ce, an rubuta komai da gaskiya, an kuma ajiye inda na baya zai samu. Ruɓaɓɓen yalo kam ba mu rasa shi ba a Bodija.

Saboda haka ga abin da nake ganin za mu iya, da abin da ke hannunmu.

A fara da wuri. Sabon manhajin CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disamba 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A cikin wannan kason a samar da ƙaramin aikin fili tun aji biyu: shafi biyar, tambaya ɗaya, bayanan da ka tattara da ƙafarka. A aji uku a ƙara. Kafin aji huɗu yaro ya riga ya san ɗacin komawa wurin mutum sau uku bai same shi ba. Masu zuwa SIWES, shirin da ITF ta fara tun 1973, a ce kowa ya dawo da matsala ɗaya da ya gani da idonsa a masana'anta ko gona ko asibiti, ita ce za ta zama furojet ɗinsa. Wata shida a wurin aiki bai kamata ya ƙare a littafin sa hannu kawai ba.

A rage girman tambaya. “Tasirin talla ga tattalin arzikin Nijeriya” ko farfesa da tawaga ba zai gama shi a wata uku ba. “Kwandon tumatir nawa ke lalacewa a hannun dillalai goma a kasuwa ɗaya cikin mako shida” ɗalibi zai iya, kuma amsar sabuwa ce, babu ita a intanet. Mutum 40 da ka zauna da su da gaske sun fi 400 na ɗakin hostel.

A daina raba wa malami maudu'i 30 da ba su san juna ba. Ya riƙe tambaya babba ɗaya ko biyu a fanninsa, ya yanka wa ɗalibai gunduwa-gunduwa, kowa da nasa ɓangaren da nasa rubutun. 'Yan bana su auna rijiyoyin wannan unguwa da rani, 'yan baɗi su auna da damina. Bayan shekara uku an tara abin wallafawa, da sunayen ɗaliban a kai. Malam ya samu maƙalar ƙarin girma, ɗalibi ya samu abin nunawa, karatun babi ya yi sauƙi tunda fanni ɗaya ne. Mu 'yan digiri na biyu da na uku a sa mu cikin tsarin a hukumance, a koya mana yadda ake duba aiki, a rubuta sunanmu, maimakon a riƙa turo mana babi ta bayan fage.

A canza rabon maki. A sassa da dama furojet yunit shida ne, ya fi kowane kwas nauyi, amma yawancin makin na kan littafin da aka ɗaure. A mayar da kaso mai tsoka kan littafin aiki na yau da kullum, da ɗanyen bayanai, da difens na gaske. Difens ɗin minti uku da ake shigar da mutum goma a jere, a tambayi kowa maudu'insa a ce ya tafi, ba ya raba mai aiki da mai saye. Minti goma sha biyar da tambaya ɗaya, “me ya ba ka mamaki a fili?”, ta isa ta raba su. A kuma faɗa da babbar murya cewa wanda gwajinsa bai ba da abin da ake tsammani ba, ya rubuta hakan da dalilansa, zai iya cin A. Tsoron a ce aiki bai yi ba shi ke tura yara gyara lamba.

Sai kuɗi. TETFund, da dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ETF, tana da tallafin bincike na ƙasa da kuma wanda ake ba malamai a cikin makarantunsu. Harajin ilimin da ya ciyar da ita ya fara ne da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, aka kai shi kashi 3 a 2023. Ina ganin lokaci ya yi da duk malamin da zai karɓi irin wannan tallafi za a shar'anta masa ya ɗauki 'yan digirin farko cikin aikin, da kuɗin mota da na kayan aikinsu a rubuce cikin kasafin. Kafin a kai can, sashe na iya soke dokar kwafi huɗu masu bango. Kwafi ɗaya da fayil ya wadatar, kuɗin ya tafi fili. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke gina get da kafa allo, su gwada ɗaukar nauyin furojet biyar mafi kyawun tsari duk shekara. A kuma ware rana ɗaya a shekara, kowane ɗalibi ya manna aikinsa a bango ya tsaya kusa da shi, 'yan aji ɗaya da iyaye da mutanen gari su zo su yi tambaya. Wanda ya san zai tsaya gaban jama'a ba ya sayen abin da ba zai iya karewa ba.

Yanzu gare mu, Hausawa da sauran 'yan Arewa da ke karatu a Kudu. Muna zaune kan dukiya muna neman maudu'i a intanet. A farkon shekarun 1960 wani masani mai suna Abner Cohen ya zo daga Ingila ya zauna a Sabon Ibadan, ya nazarci cinikin goro da na shanu da yadda masu gida ke riƙe amanar fatake, littafinsa ya fito a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Shi sai da ya sha wahalar shiga cikin mutane. Kai kuwa a nan aka yanke maka cibiya, kana jin Hausa, kana jin Yarbanci ko Ibo ko burokin, baban abokinka ne sarkin kasuwa. Ƙofar da za a rufe wa baƙo kai a buɗe take gare ka.

Tambayoyi ga su nan birjik. Ɗan fannin noma ko tattalin arziki ya bi tumatir daga saukarsa a Mile 12, ya gwada asarar kwandon gargajiya da ta akwatin roba. Ɗan nazarin ƙwayoyin cuta ya gwada ruwan da 'yan garuwa ke turawa a Agege, daga famfo zuwa jarka zuwa randar gida, a ga a ina yake gurɓata. Ɗan nazarin harshe ya naɗi Hausar yaran da aka haifa a Sabo ko a Ama Awusa ta Owerri, ya ga me ta ara, me ta yar. Ɗan kimiyyar zamantakewa ya nemi 'yan acaɓar da haramcin 2022 ya shafa a wasu ƙananan hukumomin Legas, ya ji wace sana'a suka koma. Ɗan harkar banki ya tambayi dillalan shanu na Lokpanta yadda suka yi ciniki lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. 'Yan uwa mata kuma ku ne kaɗai za ku iya shiga cikin gida ku zauna da iyayenmu mata ku ji zancen awon ciki, da adashi, da karatun 'ya'ya mata. Ana yawan magana a kanmu a jarida da rediyo, musamman in rikici ya tashi kamar na kasuwar Shasha a 2021, kuma yawancin masu maganar ba su taɓa zama a tabarmarmu ba. In ba mu rubuta da hujja ba, wani zai rubuta da zato.

Sharaɗi ɗaya dai: amana. Mutanen da suka buɗe maka baki don kai ɗansu ne, ka gaya musu me za ka yi da maganarsu, ka nemi izini kafin ka naɗa, kada ka sa sunan kowa ko abin da zai jawo masa matsala da hukuma. In ka gama ka koma ka faɗa musu abin da ka gano, da Hausa. In kuma abin da ka gano bai yi wa namu daɗi ba, misali ruwan ya fito da datti, ka rubuta shi yadda yake. Rufe shi cutar da masu shan ruwan ne.

Akwai masu cewa ai ba kowa ne zai zama malamin jami'a ba, don me za a wahalar da wanda kasuwa zai koma? Akwai ma masu ganin a soke furojet ɗin gaba ɗaya a huta. Na fahimce su, kuma in zaɓin bai wuce tsakanin sokewa da wannan wasan kwaikwayon ba, to sokewar ta fi gaskiya. Amma ɗan kasuwar ma yana buƙatar abin da bincike ke koyarwa: ka yi tambaya daidai, ka nemo hujja, ka san iyakar abin da hujjar ta nuna, ka rubuta yadda wani zai gane. Mai shagon da ya iya gano dalilin faɗuwar cinikinsa da lissafi, da uwar da ta iya tantance saƙon maganin ƙarya a WhatsApp, duk wannan ilimin suke amfani da shi. Ana iya sassauta sifar, wani ya ƙera na'ura, wani ya rubuta manhaja, wani ya yi rahoton matsalar wata masana'anta. Abin da ba za a sassauta ba shi ne aikin ya zama naka, kuma ka iya kare shi.

Gyaran manhaji da na TETFund ba a hannunmu yake ba, zai ɗauki lokaci. Amma akwai na hannunmu a wannan zangon. Ƙanena, ƙanwata, ka zaɓi tambayar da ƙafarka za ta iya kaiwa. Ka sayi littafi ɗaya ka riƙa rubuta duk abin da ka yi da kwanan wata. Ka ajiye kowace takarda da kowace murya. Ka je wurin malam da shafi biyu da tambaya takamaimai, ya fi ka jibge masa babi uku ka ɓace. In ya ce samfurinka ya yi kaɗan, cikin ladabi ka nuna masa abin da kuɗinka da lokacinka za su iya, ka ce, “Malam, na fi son in kawo 60 na gaske.” Mafi yawan malamai za su girmama wannan. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu kuma, cikin kuɗin makon al'adu ku ware na zama ɗaya, ku kira yayyenku 'yan digiri na biyu su zauna da 'yan aji uku kan zaɓen maudu'i tun kafin a kafe sunaye.

Malamanmu da ke karanta wannan, a gafarce ni in harshe ya yi kaifi, ba raini ba ne. Tambayoyin nan na sama nake roƙo a kai mitin ɗin sashe na gaba, a gwada su ko da kan furojet goma ne, a ga abin da zai fito.

Allah ya ba masu difens sa'a, ya sa a gama lafiya.